Matata Kande da Laifin Sakin Ƙasa

Da sunan Wanda ya shimfiɗa ƙasa, ya ɗaga sama, ya sa wa teku iyaka, bai kuma yi ko ɗaya daga cikinsu babu dalili ba.

Zuwa ga dattawan majalisar Birnin Kalamba, da duk wanda aka karanta wa wannan a zaure ko a kasuwa. Ni ne Malam Jatau ɗan Nomau, wanda ya koyar a makarantar Unguwar Masunta har gemunsa ya yi fari. Da yawanku a gabana kuka koyi riƙe alƙalami, kun kuma san ba na son a katse ni. Matata Kande tana cikin ramin horonku. Kun yanke cewa ranar kasuwa mai zuwa za a ɗaure ta a turke a bakin teku, a bar ta ga ruwa. Laifinta, in ji ku, sakin ƙasa. To, ku saurara daga farko.

Saboda baƙon da bai san garinmu ba, ga abin da ake nufi. A Kalamba an gada cewa ƙasa tabarma ce da aka shimfiɗa a kan ruwa, in iska ta shiga ƙarƙashinta sai ta yi girgiza. Don haka da zarar ƙasa ta motsa ana buga ganga, kowa ya ruga zuwa rairayin bakin teku, wai nan ne gefen tabarmar, ya kwanta rubda ciki ya danne. Dogaran Sarkin Danna suna tsaye da māsu. Wanda ya ɗaga kai kafin a tsai da ganga ya saki ƙasa, kuma a nan take ake soke shi. Ƙananan girgiza sukan zo su wuce, mutane su tashi suna kaɗe rairayi suna cewa, "Mun danne ta."

Ni ban taɓa koya wa yaro wannan a matsayin tabbas ba. Nakan ce haka aka ce, amma ban ga wanda ya ga iskar ba. Da na ajiye aiki sai na ɗaura niyyar in je in gani da idona. Kande tana tankaɗe na gaya mata. Ta ce, "Malam, kai da ko ruwan zafi ba ka iya ɗorawa, kai ne za ka je neman gindin duniya? Bari in ɗaure kayana, kada yunwa ta kashe ka tun a ƙofar gari."

Muka bi ayarin masu gishiri muka yi gabas, har muka shiga ƙasar Gumau, inda sama toka ce, rana kuma ja kamar garwashi tun da hantsi. A tsakiyar ƙasar akwai wani dutse mai hayaƙi. Ba mu kai gindinsa ba mahaya suka far mana. Madugu ya ɗaga hannu zai yi magana, suka sare hannun daga gwiwa, suka bi da wuya. Wanda ya gudu aka harbe shi a baya. Mu da muka rage aka haɗa mu bibbiyu a sarƙa, aka kora mu haƙar farar wuta a cikin tsagar dutsen. Allah ya sa ni da Kande aka haɗa.

Hayaƙin wurin yana cin huhu. Duk wanda tari ya kayar, mai bulala yakan kwance shi ya tura shi cikin tsagar da ƙafa. Ranar da aka tura wani tsoho da ke kusa da mu, na leƙa. Bai kai ƙasa ba ya kama da wuta. Can ƙasa na ga kogi, ba na ruwa ba, na dutse narkakke, yana tafasa kamar ƙarfe a maƙera. Na juya na tambayi mai bulala ko an taɓa auna zurfin wurin. Ya amsa mini da bulala a fuska, tabon yana nan. Kande ta ja sarƙa ta ce, "Malam, ka rufe bakinka. Nan ba aji ba ne."

Na rufe baki, na buɗe ido. A hanyar da ake kora mu kullum akwai wata tsohuwar katanga ta dutse. Wanda ya gina ta miƙaƙƙiya ya gina, amma yanzu ta rabe biyu, rabi ya gusa arewa da kamar faɗin ɗaki. Rafin da ke bayanta ma haka ya karye, layin itatuwa ma haka. Wata rana muna wucewa, babu iska ko ta kaɗa ganye, sai ƙasa ta yi nishi, na ga gefen tsagar nan biyu sun goge juna, kowanne ya ja nasa waje, muka zube. Da na tashi katangar ta ƙara rabewa. A nan na gane. Abin da muke takawa ɓawo ne a kan wuta, ɓawon kuma ba guda ba ne, manyan faya-fayai ne masu turereniya. Sukan maƙale da juna shekara da shekaru, ƙarfi yana taruwa, ran da suka suɓuce shi ne girgiza. Ku gaya mini, cikin wa zai danne wannan?

Bayan nan rijiyar sansanin ta fara ba da ruwan zafi, gefen dutsen kuma ya kumbura kamar maruru. Na ce da Kande, "Zai fashe. Abin da zai fito mai gudana ne, kwari zai bi kamar ruwa. In an watse, mu sama za mu yi."

Ya fashe da azahar. Ƙarar ta sa jini ya fito mini ta kunne. Duwatsu kamar rumbu suka riƙa faɗowa, ɗaya ya sauka a kan mai bulala, babu abin da ya rage a waje sai bulalar. Mahayan suka hau dawaki suka bi kwari, domin nan ce hanya mai sauƙi. Daga kan tudu muka ga kogin wutar ya cim musu. Dawakai suna haniniya, ƙafafunsu suna narkewa a ƙarƙashinsu. Wani siririn harshe na wutar ya biyo kusa da inda muke. Muka ja da baya iyakar tsawon sarƙar, ita can ni nan, muka aza tsakiyarta a kansa har ta yi ja, na ɗauki dutse na doke ta. Girata ta ƙone, zanen Kande ya kama. Tana kashe wutar da tafin hannu tana cewa, "To, ka ga gindin duniyar. Mu koma gida?" Na ce saura teku.

Muka yi kudu har muka fito gaɓa. Jirgin farko da ya ɗauke mu na 'yan fashi ne, shugabansu wani ƙato da ake kira Gwanki. Mutanen wani babban tafki ne da fari ya koro, sababbin shiga teku, sun iya kisa amma ba su san halin ruwan gishiri ba. Gwanki ya dube mu ya ce, "Tsofaffi biyu, cin tuwo kawai. A jefa wa kifi." A lokacin hadari yana tasowa daga yamma. Na riga na lura cewa walƙiya da tsawa abu ɗaya ne, haske ne ke rigan ƙara isowa, kuma duk yadda tazararsu ta ragu, haka hadarin ya matso. Na ce, "Ranka ya daɗe, kafin a jefa mu, a sauke mashin ƙarfen nan da kuka kafa a ƙololuwar jirgi. Tsawa abu mafi tsayi take nema, ƙarfe kuma ya fi jan ta."

Ya yi dariya, ya tura mataimakinsa ya hau ya riƙe mashin don ya nuna mini. Mutumin yana sama yana yi mini gwalo sama ta tsage. Ya faɗo baƙi ƙirin, hannunsa a manne da ƙarfen. Daga ranar Gwanki ya ce boka ne ni. Na ce ni malamin makaranta ne. Ya ce duk ɗaya.

Muka daɗe a hannunsu, suna ƙona ƙauyuka muna kallo. A duk inda aka tsaya ina duban alamar ruwa a jikin duwatsu. Na ga teku yana cika yana ja, sau biyu tsakanin fitowar rana da wata fitowar. Na ga kuma cikar ta fi girma a tsayuwar wata da lokacin da ya cika, jan ruwan ma a lokacin ya fi nisa. Wata ne ke jan ruwa, rana tana taya shi idan sun daidaita.

Gwanki yana kwaɗayin wani gari mai suna Sansami, a ƙarshen wani mashigin ruwa marar zurfi. Ya sa mini wuƙa a maƙogwaro ya ce, "Boka, yaushe jirgina zai shiga?" Na ce, "Ranar da wata ya cika, da hantsi, ruwa zai kai ka har ƙofarsu." Ban yi ƙarya ba. Bai tambaye ni fitowa ba.

Ruwa ya kai shi. Kafin su gama shawarar ta inda za su hau, ruwan ya fara zamewa, jirgi ya zauna a kan laka ya karkace. Suka yi ta dirowa da takubba, laka tana kama su har cinya. Mutanen Sansami suka gangaro a kan faffaɗan alluna da suke zamiya da su, riƙe da māsun kamun kifi, suka bi su ɗaya bayan ɗaya suna sokewa kamar tarwaɗa. Lakar ta koma ja. Gwanki ya juyo kaina da takobi yana ihu, "Ka sayar da ni, tsoho!" Kande ta ɗauki abin tuƙi ta zuba masa a ƙeya. Ya wuntsila ya faɗa cikin laka da ka, ƙafafunsa suna harbin iska har suka daina.

Abin da ya ba ni mamaki a Sansami shi ne, masunta ne, amma garinsu yana can ƙololuwar tudu, kullum da kai suke hawa da kifi. A tsakiyar hawan kuma ga wani tsohon kwalekwale maƙale tsakanin duwatsu, inda ruwa ba shi da dalilin zuwa. Na tambayi shugabarsu, wata dattijuwa mai suna Iya Gwamma. Ta ce, "Ɗana, da a ƙasa garin yake. Ina budurwa ƙasa ta yi girgiza mai tsawo. Da ta tsaya sai teku ya tafi, ya bar kifi yana tsalle a fili. Mutane suka ɗauki kwanduna. Ni an aike ni tudu ɗebo itace. Daga nan na ga ya dawo a tsaye. Kwalekwalen nan na babana ne. Shi ba mu gan shi ba."

Na kwana ina juya maganar. Da safe Kande tana wanki a babban daro, na durƙusa na doki gindinsa daga ƙasa. Ruwan ya ja gefe guda, ya dawo ya watsu a jikinta. Ta ce, "Malam, tsufan ne ya kai haka?" Na ce, "Ƙarƙashin teku ma ƙasa ce, Kande. Faya-fayan nan har can suke. In na can ya suɓuce ya yi sama, ruwan da ke kansa duka zai ɗaga. Jan da yake yi kafin ya zo, tattara ƙarfi ne." Ta tsaya da matsar zane. Ta ce, "Mu kuwa a bakinsa muke kwanciya." A ranar muka kama hanyar gida.

Sauran kun sani, amma zan faɗa don a rubuce yake. Na zo gabanku na bayyana komai, har da daro na kawo. Sarkin Danna Ranau, wanda ni na koya masa haɗa baƙi, ya ce, "Malam, da girmanka. Kakanninmu sun danne ta, ga mu a raye. Kai ka tafi yawo ka dawo da kwanon wanki." Na ce ƙanana suka danne, waɗanda da ma za su tsaya don kansu. Ya ce in na sake faɗin haka a kasuwa zan gani. Na faɗa a kasuwa. Dogarai suka aza hannuna na dama a kan turmi suka farfasa yatsun da guduma. Da hagu nake wannan rubutu, wanda ya ga ya karkace ya san dalili.

Sai ranar ta zo. Da hantsi ne, ana tsakar cin kasuwa. Wannan girgizar ba irin waɗanda kuka saba ba ce. Ta kayar da hasumiyar ƙofar gari, ta ƙi tsayawa. Aka buga ganga. Dogarai suka kora mu zuwa rairayi, mu duka, masu goyo da makafi da masu ciki. Muka kwanta. Ƙasa ta lafa, ganga ba ta tsaya ba, domin Ranau ya ce babba ce, sai an daɗe ana danna. Kuncina yana kan rairayi, idona yana kallon teku. Na ga ya fara ja. Ya wuce inda yake tsayawa a cikar wata. Ya wuce duwatsun da ban taɓa ganin gindinsu ba. Kwalekwale suka kwanta a gefe.

Na ɗaga kai na yi ihu, "Ku tashi! Tudu! Ku yi tudu!" Dogari ya soke ni a cinya, ya zare, ya ɗaga zai ƙarasa. Kande ta taso. Da ma tun da muka dawo ba ta zuwa danna sai da taɓarya a cikin zane. Ta karya masa hannu, ta bi da haƙarƙari. Ta juya ga matan da ke kwance ta ce, "Ke Tabawa, ke Dije, ɗauki ɗanki! In ƙarya muke, gobe ku zo ku yanka ni da kanku. Tashi!"

Mata suka fara tashi. Dogarai suka shiga suka. Na ga an soke wata a baya, ta faɗi a kan jaririnta, wata ta zaro jaririn ta ci gaba da gudu. Da masu tashi suka yi yawa māsu suka kasa. Kande ta saɓa ni a kafaɗa kamar buhun gero, tana hawa tana zagina, wai duk ƙashi ne amma nauyi kamar jaki. Maza da yawa suka ƙi tashi. Ina jin wani maƙwabcina, Audi mai saƙar taru, yana kiran matarsa, "Dawo ki kwanta, za ki jawo mana!"

Muna tsakiyar hawa teku ya dawo. Ba igiyar ruwa ba ce irin wadda kuka sani. Bango ne baƙi, ya fi dabino tsayi, yana tafe da ƙara kamar dutsen Gumau. Ya hau kan mutanen da ke kwance a jere, fuskokinsu a ƙasa, suna danna. Ya ɗauki mai ganga da gangarsa. Ya shiga Unguwar Masunta ya niƙe ta da kwalekwalenta, ya ɗebo rufin makarantata ya jefar a gindin tudu. Ya ja, ya sake dawowa. Da ya gama, gawa tana rataye a kan itatuwa. Yaran da na koyar, da 'ya'yansu.

Duk wanda ke numfashi a Kalamba yau, ko dai ya bi Kande ne, ko kuwa da ma yana kan tudu. Ku dattawa kuna kan tudu, domin doka ta ce majalisa takan sauko a ƙarshe, bayan ta tabbatar kowa ya kwanta. Ranau kuwa a kan doki yake, dokin ya fi shi hankali, ya gudu da shi tudu.

Da gari ya waye kuka ce ruwan ya zo ne saboda mata sun saki ƙasa. Na tambaye ku a zaman shari'a, ina kuma sake tambaya: wanne ya riga, jan teku ko tashin mata? Duk wanda ya kwanta a rairayin nan ya ga teku ya tafi tun kowa yana kwance. Ta yaya abin da ya zo daga baya zai haifi abin da ya riga shi? Yaron da ya ba ni irin wannan amsa a aji, sai ya sake darasin.

 Kun tuna abin da ya faru a zaman nan, jiya da hantsi, zauren cike da jama'a. Tun bayan babbar girgizar, ƙasa ba ta daina ƙananan motsi ba, domin abin da ya suɓuce yana neman mazauni. Ranau yana tsaye yana karanta hukuncin Kande, sai wata girgiza ta zo. Ƙura ta zubo daga rufi, randar bakin ƙofa ta fashe. Sabon mai ganga ya ɗaga gula yana jiran umarni. Dokarku ta ce rairayi. Hanyar rairayi tana hagu da ƙofar zaure, hanyar ƙololuwar tudu tana dama.

Ina zaune da sandata a bakin ƙofa, na ga kowa. Ba wanda ya yi hagu. Ranau ne ya fara fita, ya ture mai ganga, rawaninsa ya warware yana jan ƙasa. Kuka bi shi, kuna tattare riguna. Wani a cikinku ya bar takalmi ɗaya, yana wurina in yana so. Jama'a suka tsaya suna kallon dattawansu suna haki a kan tudu, kowanne ya juya yana duban teku.

Ban zarge ku da gudun ba. Shi ne abu na farko mai hankali da majalisar nan ta yi tun da na san ta. Amma doka ɗaya ce. In barin rairayi laifi ne, to jiya majalisa duka ta saki ƙasa a gaban shaidu, kuma ramin da Kande take ciki zai ɗauke ku in an matsa. In kuwa ba laifi ba ne, me matata take yi a ciki?

Da yamma na je bakin ramin. Ƙafarta ta kumbura inda mari ya ci, muryarta ta dushe. Na ba ta labari. Ta yi dariya har tari ya kama ta, sannan ta ce, "Malam, ka ci abinci kuwa?"

Ga abin da nake nema, ba kuma roƙo nake ba. A fito da Kande da rana, ta ƙofar gaba, a kwance marin a gaban kasuwa. Mai shela ya faɗi da baki cewa ba ta yi laifi ba. A fasa gangar danna, a sa wata a kan tudu wadda ma'anarta ita ce a hau. Yatsuna da cinyata na bar ku da Allah, ba su nake shari'a a kai ba.

Gobe da hantsi zan zo bakin ramin, tare da matan da suka bi ta da 'ya'yan da suka ɗauko. Na sayi igiya mai ƙarfi, na gwada ta da kaina. Za ta iya fito da mace ɗaya, za ta kuma iya saukar da dattawa ɗaya bayan ɗaya. Ku zauna yau ku gaya mana wanne za ta yi.